Amsa ga mai son kai motarsa filin tsere a karon farko

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka: ka ce kana zaune a Maryland, ka sayi mota ƙirar Mustang, kana so ka kai ta filin tsere, kuma abu biyu ne suka dame ka. Na farko ko sai ka ƙara wa injin ƙarfi kafin ka je, na biyu ko akwai yadda za ka tsallake rukunin sababbi, tunda ka ce ka daɗe kana tuƙi tun kana bin hanyar Kano zuwa Kaduna. Duka biyun amsata a'a ce. Na daɗe ina zuwa irin waɗannan ranaku, yanzu ma ina cikin masu zama a kujerar dama suna koyarwa, don haka bari in faɗa maka dalili.

Ka fara sanin cewa abin da za ka je ba tsere ba ne. A nan Amurka ana kiransa HPDE, wato koyon tuƙin gudu a rufaffen fili. Babu na ɗaya, babu kofi. Ƙungiyoyin masu mota ne suke hayar filin su shirya: ƙungiyar masu Porsche ta PCA da aka kafa a 1955, ta masu BMW da aka kafa a 1969, da ƙungiyar wasannin mota ta SCCA wadda tun 2015 take shirya zaman yamma mai sauƙin kuɗi da take kira Track Night in America, sai kuma NASA, ba ta masu zuwa sararin samaniya ba, wata ce daban ta wasannin mota. Ba sai kana da BMW za ka shiga ƙungiyarsu ba, za su karɓe ka da Mustang ɗinka. Yawancinsu ta shafin MotorsportReg ake rajista. Filin da ya fi maka kusa shi ne Summit Point a West Virginia, babban zagayensa mil 2 ne da kwana 10. In ka ɗan goge sai ka gangara filin VIR a kudancin Virginia, mai mil 3.27.

To, maganar rukuni. Kowace ƙungiya tana raba direbobi bisa gogewarsu a fili, ba a titi ba. NASA tana amfani da lamba 1 zuwa 4, PCA da launi, kore na sababbi. Shekarunka a titi ba sa shiga lissafi ko kaɗan, kuma ba raini ba ne. Tuƙin titi, musamman irin namu na gida, yana koya wa mutum kallon abin da ke gabansa kusa-kusa: ramin nan, ɗan acaɓan can, tirelar da ta tsaya ba alama. Wannan ido ya ceci rayuka da yawa, amma a fili shi ne yake fitar da mutum cikin ciyawa. A fili, kana shiga kwana idonka ya riga ya tafi mafitarta, hannu kuma inda ido ya tafi nan yake bi. A titi ana taka birki a hankali a yi ta ƙarawa. A fili ana taka shi da ƙarfi tun farko, mota tana miƙe, sannan a riƙa saki a hankali yayin da ake murɗa sitiyari. Ƙafar da ta saba da na farkon ba ta juyawa a yini guda. Shi ya sa ake sa malami kusa da kai, da 'yar na'urar magana da za ka cusa cikin hular kwano, yana ce maka birki, saki, juya, ba ta wuta, har jikinka ya fara yi kafin ya buɗe baki.

Akwai kuma ƙa'idar wucewa, wadda ita ce ginshiƙin abin gaba ɗaya. A rukunin sababbi ba ka wuce kowa sai a miƙaƙƙun wuraren da aka ware, kuma sai na gabanka ya fito da hannu ta taga ya nuna maka gefen da za ka bi. Mota ɗaya, nuni ɗaya. Shi kuma mai ba da hanya ya ɗan ɗaga ƙafa daga totur. A nan nake so ka saurara da kyau, saboda motarka tana da ƙarfi. Za ka ga wata 'yar Mazda Miata ta manne maka a baya cikin kwanoni, kuna fita miƙe sai ka tsere mata, a kwana ta gaba sai ga ta kuma a madubi. Wannan direban ya fi ka gudu, injinka ne kawai ya fi nasa. Ka ba shi hanya, ka bi bayansa ka ga inda yake sa tayarsa. Malamai suna lura da wannan fiye da yadda suke lura da gudunka, kuma wanda ba ya duba madubi ko ba ya ganin tutar da ma'aikacin kwana yake kaɗawa, ba a ƙara masa rukuni komai saurinsa.

Tutocin nan ka haddace su tun a gida. Rawaya: akwai matsala a gaba, rage gudu, ba wucewa. Baƙa idan an nuna ka: shigo ciki, ana son magana da kai. Ja: duba madubi, ka tsaya a gefe inda ma'aikacin kwana zai gan ka. Shuɗiya mai ratsin rawaya: akwai mai gudu a bayanka. Mai dara-daran baƙi da fari: lokaci ya cika, sai zagayen huce mota.

Batun ƙara wa inji ƙarfi kuwa, ka ajiye kuɗinka. Abin da yake fara gajiya a fili birki ne. Man birki yana shan danshin iska da daɗewa, in ya sha kuma sai ya tafasa da wuri. Ƙa'idar man birki nau'in DOT 4 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salshiyas, wanda ya sha ruwa kuwa tana sauka zuwa 155. In ya tafasa, za ka taka feda ka ji ta tafi laushi har ƙasa, kuma a ƙarshen doguwar miƙen Summit Point, gab da kwana ta ɗaya, ba wurin da za ka so jin haka ba ne, balle da mota mai nauyi irin taka. Ka sa bakanike ya zuƙe tsohon man gaba ɗaya ya zuba sabo, ya duba kaurin fad ɗin birki da tayu, ya cike takardar binciken da ƙungiyar za ta aiko maka. Hular kwano mai tambarin Snell, cibiyar da ke gwada ingancin huluna, ake nema, ka karanta dokar ƙungiyar kan shekarar tambarin da suke karɓa kafin ka saya, wasu ma suna ba sababbi aro. Kada ka kashe na'urar hana santsi ta motar. Tayoyin titi sun ishe ka, har sun fi maka, domin suna kuka kafin su saki, kana jin gargaɗin da kunnenka.

Ka kuma san cewa inshorar titi galibi ba ta biyan abin da ya faru a fili, kuma ko wani ne ya buge ka, kowa tasa yake gyarawa. Akwai kamfanonin da ke sayar da inshorar yini ɗaya ko ta ƙarshen mako, irin su Hagerty da Lockton. In har bashi ne a kan motar, ni dai ba zan shiga ba sai da ita.

Ranar zuwa, ka isa da sassafe. Ka kwashe komai daga motar, har shimfiɗar ƙafa da canjin da ke aljihun ƙofa, don kwalbar ruwa ɗaya da ta gangara ƙarƙashin feda ta isa ta jawo masifa. Yawanci za ka fita kamar sau huɗu, kowace fita minti 20 zuwa 25, a tsakani akwai aji. Yana kama da kaɗan, amma da la'asar za ka ji kanka ya yi nauyi. Duk dawowa ka auna iskar taya tana da zafi, domin tana hauhawa. Kada ka ja birkin hannu bayan ka fito, ƙarfen ya yi zafi, fad yana iya mannewa. Ka bar ta a giya a wuri mai daidai. Ka tafi da abincinka, don na wurin sau da yawa akwai naman alade a ciki, ka tafi da darduma, gefen motarka ya ishe ka azahar da la'asar. Ban ba ka shawarar zuwa kana azumi a lokacin zafi ba. Da hula a kai da gumi, ƙishirwa tana rage wa mutum natsuwa tun kafin ya ankara.

Sai maganar malamai, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mutumin da zai zauna a damanka ba albashi ake ba shi ba. Abin da yake samu shi ne rangwame ko damar tuƙa tasa motar a rukunin malamai. Ya bar iyalinsa ya shiga motar wanda bai taɓa gani ba, ba birki a gefensa, ba sitiyari, muryarsa kaɗai ce makaminsa. Na taɓa zama da wani ɗalibi da duk muka doshi kwana sai in ga yatsunsa sun ƙanƙame sitiyari, numfashinsa yana sauri a kunnena. Na ce mu rage gudu, mu yi zagaye kaɗan a giya ɗaya ba canji, ya riƙa faɗa mini da baki abin da idonsa yake kallo. Kafin yamma kafaɗarsa ta sauka, gudun kuma ya zo da kansa. Irin wannan ɗalibin kowa yana son ya sake samu. Wanda ake tsoro shi ne mai cewa na sani kafin a gama magana. Don haka da kun haɗu da safe ka gaya masa gaskiya: karonka na farko ne, ga abin da aka yi wa motar, ga abin da kake tsoro. In ya ce birki, ka taka, tambaya ta jira sai kun fito. In ya yi maka tayin zama a motarsa a lokacin fitar malamai, kada ka ƙi, abin da za ka ji a jikinka a zagaye biyu ba a iya bayaninsa a aji. In kuma jininku bai haɗu ba, ka je wurin shugaban malamai cikin ladabi ka nemi canji, ana yi, ba abin kunya ba ne.

In kana so ka ɗanɗana kafin ka kashe kuɗi da yawa, nemi wasan da SCCA take yi a manyan wuraren ajiye motoci, inda ake jera robobi a bi tsakaninsu, mota ɗaya a lokaci guda, gudun bai wuce na babbar hanya ba. In ka zaɓi ranar da za ka je Summit Point, ka sanar da ni tun da wuri, in Allah ya yarda zan zo mu duba motar tare da safe kafin taron direbobi.