Tun da 'yan bindiga suka tashe su take fitsarin kwance, an ce mana aljanu ne

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗiyar ƙanena ce, shekararta 9, nake riƙo a nan unguwar Mabera cikin garin Sakkwato tun da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu a yankin Sabon Birni. Ta koma fitsarin kwance, tana farkawa da kururuwa cikin dare, in ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin gado. Maƙwabta sun ce iska ne ya shafe ta. Sau biyu muka kai ta wurin wani mai ruƙiyya, ya turara mata hayaƙi, ya zane ta da bulala wai aljanin yake duka. Abin sai ƙaruwa yake. Ina tsoron kada ta haukace.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ki ladan riƙon zumunci. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika bayyana firgici ne da ya zauna wa yarinya a zuciya bayan tashin hankali, kuma yana warkewa. Dubi abin da take gudu: babur. A kan me maharan suka shigo garinsu?

Daga yau kada ta sake taka ƙofar mutumin nan. Wannan maganar ta aljanu ita ce ta fi ci mini rai a aikin nan. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina tofa wa 'ya'yana Falaƙi da Nasi kafin su kwanta. Amma a wane littafi aka ce a daki yarinya da bulala don a warkar da ita? An ce aljani ake duka, to a bayan wa shatin bulalar yake fitowa? Yarinyar da ta ga maza da makamai, aka sake damƙa ta ga wani ƙato ya kulle ta a ɗaki cikin hayaƙi yana daka mata tsawa, ai an maimaita mata ranar ce. Shi ya sa abin ya ƙaru. Kullum sai an kawo mana yara da tabon ƙuna da tarin hayaƙi, bayan an sayar da akuya an biya kuɗin turare, an kuma ɓata wata da watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, daidai shekarun da muke cewa yaro bai san damuwa ba, ko mu ɗora wa iska.

A gida, ki daina yi mata faɗa kan fitsarin, ki hana sauran yara yi mata waƙar amalala. Ki shanya tabarmar ba tare da an tara mata jama'a ba. Ta kwana kusa da ke da 'yar fitila a kunne. Kada ki matsa mata da tambayar abin da ta gani, in ta fara faɗa da kanta ki saurara. A bar ba da labarin hari da kallon bidiyonsa a waya a gabanta. Ta koma makaranta da Islamiyya, ki keɓe da malamarta ki gaya mata halin da ake ciki don kada a riƙa dukanta. Maƙwabtan da suka ba ki shawarar ruƙiyya, ki roƙe su su turo 'ya'yansu su yi 'yar gala-gala da ita da yamma.

Sannan ki kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na san da an ambaci Kware sai gaban mutane ya faɗi, amma yawancin irin waɗannan yara ganin likita suke yi su koma gida ranar. A gwada fitsarinta ma, ko akwai ciwon mara. In ta daina cin abinci ko ta fara maganar mutuwa, kada ki jira gari ya waye.