Tambaya da Amsa: Kafin ka ba da jingar daɓen tsakar gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so a yi mini daɓen kankare a tsakar gida, tsawo mita 6, faɗi mita 5. Magina uku sun duba, kowa da kuɗin da ya yanka, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Na maƙwabcina da aka yi bara duk ya tsattsage. Yaya zan gane wanda ya kamata in ba aikin? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da kuɗi, fara da abin da kowannensu zai zuba a ƙasa. Ka ce kowa ya rubuta maka kaurin daɓen, haɗin da zai yi da yawan buhunan siminti, nan take za ka ga inda arahar ta fito.

Ga lissafin filinka. Daɓen da mutane za su riƙa takawa yana buƙatar kaurin inci 4, wato santimita 10. Haɗin da aka saba shi ne 1:2:4, ma'ana buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Da wannan haɗin filinka zai ci buhu 19 zuwa 20. Wanda ya ce buhu 12 sun isa, ko kauri zai rage ko haɗi zai sirka. In mota za ta riƙa hawa, a kai kaurin inci 6, a sa ragar ƙarfe a tsakiyar kankaren, ba a shimfiɗe a ƙasa ba.

Amma yawancin tsagewa daga ƙarƙashi take farawa. Dole a kwashe baƙar ƙasar sama da saiwoyi, a yi ciko da jar ƙasa kashi-kashi, kowane kashi kada ya wuce inci 6, a yayyafa ruwa a daddaɓe shi sosai kafin a ƙara wani. Cikon da aka juye lokaci guda yakan zauna a damina ta farko, ya bar rami a ƙarƙashi, daɓen ya karye. Maginin da bai ambaci wannan da bakinsa ba, mu dai ba za mu ba shi aikin ba.

Sai gangare. Daɓen ya riƙa sauka santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga bangon ɗaki zuwa rariya. A sa alama da igiya kana tsaye kafin a zuba, domin bayan ya bushe babu gyara sai fasawa.

Ranar zubi ka kula da ruwa. Leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa saboda sauƙin shebur, alhali shi ke kashe ƙarfin kankare. Kimanin jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi buhu, ƙasa da haka ma in yashin jiƙaƙƙe ne. Kada a barbaɗa busasshen siminti a sama don ya yi sheƙi, ɓawo yake yi ya ɓare. A tsaga layi kowace mita 3, zurfin inci 1, domin kankare yana tsukewa idan yana bushewa, layin nan shi ke nuna wa tsagar inda za ta bi. A yi zubin da sassafe, musamman da hunturu ko bazara, a rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, a yi ta ba shi ruwa kwana 7 aƙalla. Mota kuwa ta jira kwana 28.

Wajen zaɓe, je ka ga aikin da mutum ya yi wanda ya ga damina biyu, ba sabo ba. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, har da wanda zai yi ban ruwa da kwashe ɓaraguzai. Kafin alƙalami kada ya yi yawa. Biya bayan ciko, biya bayan zubi, ka riƙe kamar kashi ɗaya cikin goma sai ka kwara ruwa ka ga ya bi rariya bai kwanta ba.

Tambaya: Barandata mai rufin kwano ce. Ina so in kewaye ta da bulo da manyan tagogin gilashi ta zama wurin zama. Za a iya ɗora ginin a kan daɓen da ke nan? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Hajiya, kada a ɗora. Daɓen baranda ba harsashi ba ne, nauyin bulo zai karya gefensa, bangon ya rabu da jikin gidan. A yanke daɓen ta inda bango zai bi, a haƙa har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a zuba harsashi nasa na kansa. Idan barandar yamma take kallo, ki rage gilashin, in ba haka ba zafin la'asar zai hana ki zama. A sa tagogi masu buɗewa a ɓangarori biyu, da silin a ƙarƙashin kwanon. In kuma kina tunanin rufin kankare ne, wannan ya wuce birkila, sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya zana rodin, sannan a nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, kafin a fara haƙa.