Likita Ya Amsa: Dushewar Murya, Man Bilicin da Kwallin 'Yan Wasa

Tambaya daga Gusau: Likita, ina ɗora murya a finafinan Indiya da ake mayarwa Hausa, kuma ina wasan kwaikwayo a rediyo. A fim ɗaya nakan yi muryar mutum uku. Wata biyu ke nan muryata a dushe. Mai kemis ya ba ni dexamethasone, ta washe kwana biyu, ta sake komawa.

Amsa: Ɗan'uwa, wata biyu ya yi yawa, kuma da wannan muryar kake cin abinci. A cikin maƙogwaro akwai siraran igiyoyi biyu da ke karkaɗawa suna haɗuwa fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya idan namiji yana magana. Duk sanda ka matse su don ka yi muryar tsohuwa, ko ka kwatsa tsawar mugu, gefensu ne ke gogar juna da ƙarfi. A hankali sai su yi kanta, irin ta tafin hannun manomi. Dexamethasone kumburi kawai take kwantarwa. Sai ka ji sauƙi, ka koma gaban makirufo ka ƙara wa ciwon rauni, wani lokaci har jini ya taru a igiyar.

Ka huta da aikin na wasu kwanaki. Kada ka koma yin raɗa, domin ita ma wahalar da igiyoyin take yi. Yi magana a hankali da muryarka ta asali, ka rage yawan gyaran murya. Sha ruwa sosai, musamman da hunturu, ka riƙa yin sirace da ruwan zafi zalla. Taba da shisha kuwa, a bar su. Idan kana fama da ƙwannafi, daina cin tuwo da yaji ka kwanta nan take, a samu tazarar awa 3. Duk dushewar da ta wuce mako 3 sai an leƙa maƙogwaro da na'ura, don ba ko da yaushe kanta ba ce. Je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau a haɗa ka da likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Tambaya daga Birnin Kebbi: Sabuwar 'yar fim ce ni. An ce sai na yi haske na kuma ciko kafin a ba ni babban rol. Wata huɗu ina shafa man bilicin ina shan "sha ka fashe". Yanzu fuskata ta kumbura, cinyoyina sun yi nankarwa.

Amsa: Ƙanwata, wasiƙarki ta ɓata mini rai, amma da masu ba ki shawarar nake. Wannan kumburin ba ƙiba ba ce, aikin sitiroyid ne, wato sinadarin da ake yawan samu a ƙwayar "sha ka fashe", kuma shi ke janyo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Mayukan ma da yawa suna ɗauke da shi, ko hydroquinone mai ƙara hasken fata, ko zaiba mai lalata ƙoda. Fatar takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, daga baya baƙin tabo ya fito a kumatu wanda hoda ba ta rufewa a gaban kyamara. Abu ɗaya ki riƙe: kada ki yanke ƙwayar lokaci guda. Jikinki ya rage yin nasa sinadarin, yankewar farat ɗaya na iya kayar da ke. Ki tafi asibiti da kwalayen, a auna jini da suga, a tsara miki yadda za ki rage.

Tambaya daga Anka: Muna wasan daɓe a makarantu, muna zizara wa yara kwalli idan za su fito. Akwai illa?

Amsa: Malam, akwai. Kwallin dutse yawanci gubar dalma ce a cikinsa. Kai ɗan Anka ne, ka san abin da dalma ta yi a 2010, lokacin da yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sanadin sarrafa dutsen zinare a cikin gidaje. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, dalmar kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Ku yi amfani da fensirin ido mai lambar NAFDAC, kowane yaro da nasa, don kada ciwon ido ya zagaye su.