Kun Tambaya: Rufe Tabon Albaras da Kwalliya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da farin tabo a gefen baki da ƙasan ido, likita ya ce bitiligo ne, wato albaras. Bikina saura wata biyu. Duk lokacin da na shafa fandeshan daidai launin fatata sai wurin ya yi toka-toka, kafin azahar kuma ya zame. Ina kuskuren yake? (Wata amarya daga Funtuwa)

Amsa: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri. Laifin ba na hannunki ba ne, akwai matakin da aka tsallake. A wurin tabon, ƙwayoyin da ke samar da melanin, wato sinadarin da ke ba fata launi, sun daina aiki. Fatarmu kuwa ba ruwan ƙasa zalla ba ce, akwai ja-ja a ƙarƙashinta. Idan aka ɗora ruwan ƙasa kai tsaye a kan fari, farin yana haskowa ta ƙasa, shi ne tokar da kike gani. Sai an fara mayar da jan nan tukuna.

Ki wanke fuska, ki bari ta bushe sarai. Ki shafa man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, domin wurin tabon ba shi da garkuwa, nan da nan rana ke ƙona shi. Ki ba shi minti 15 ya zauna. Kada ki sa basilin ko mai mai maiƙo a ƙasa, shi ke sa kwalliya zamewa.

Daga nan sai konsila, wato kirim ɗin gyara launi, mai launin lemo, shi ne zai mayar da jan nan. Mai duhun fata ta nemi wanda ya karkata ga jan bulo, wankan tarwaɗa kuma lemo mai haske ya ishe ta. Ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gero biyu ga tabo mai faɗin kan babban yatsa, a cikin farin kawai. Sannan ki ɗora kirim ɗin rufe tabo. Irin su Dermablend, Covermark da Dermacolor an yi su ne don wannan aiki, sun fi fandeshan na yau da kullum yawan launi, kuma ba sa saurin bin gumi. Ki ɗumama shi a bayan hannu har ya yi laushi, ki riƙa dangwalawa da yatsa ko ɗan soso daga tsakiyar tabon zuwa baki, ki ɗan haura kan lafiyayyar fata yadda iyakar za ta ɓace. Dangwalawa muka ce, ba murzawa ba. Murzawa tana kwashe lemon da ke ƙasa. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, musamman gefen baki inda fata ke motsi, ga kuma hunturu da ke sa mai kauri tsattsagewa.

Matakin da mata da yawa ke yi wa gaggawa shi ne hoda. Ki danna garin hoda marar launi sosai a wurin, ki bar ta minti 5 zuwa 10 ta tsotse maiƙon, sannan ki kakkaɓe da burushi mai laushi, ki fesa ruwan kafe kwalliya. In gumi ya karyo, ki danna tishu ki ɗaga, kada ki goge.

Da wuya launi ɗaya ya dace, yawanci sai an haɗa biyu. Ki gwada a bakin taga da rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Ki kuma kira mai kwalliyarki ku yi gwaji tun yanzu, ku ɗauki hoto da filasha, don wasu hodoji suna fitowa fari fat a hoto. Duk sabon kaya ki fara shafa shi a bayan kunne, ki jira awa 48.

Wajen cirewa da dare, ki sa man cire kwalliya ko man zaitun, ya yi minti ɗaya ya narkar da ita, ki share da auduga a hankali. Muna jaddada wannan ƙwarai, saboda mai bitiligo yana iya samun sabon tabo a duk inda fata ta ji rauni, ko da dirza ce da soso.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, tabon a yatsuna da bayan hannu yake. Kwalliya ba ta zama saboda alwala da musabaha, har tana ɓata mini farar riga. (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, kirim ba na hannu ba ne, ga shi kuma mai hana ruwa taɓa fata yana kawo maganar ingancin alwala. Abin da ya fi maka shi ne ruwa ko man da ke ɗauke da sinadarin DHA, wanda Turawa ke shafawa don fatarsu ta yi duhu ba tare da shiga rana ba. Yana rina matacciyar fatar da ke sama ne, kamar yadda lalle ke yi, ba ya barin wani ɓawo, kuma in ya kama ba ya bin tufafi.

Bayan sallar isha'i ka wanke hannu ka busar. Ka zagaye tabon da basilin siriri don kada lafiyayyar fata ta ƙara duhu, ka shafa maganin cikin farin da tsinken auduga. A gaɓoɓin yatsu ka rage, fatar wurin tana da kauri, tana kama launi fiye da kima. Kada ruwa ya taɓa sai asuba. Idan bai kai yadda kake so ba, ka maimaita daren gobe. A jiki yakan kai kwana 5 zuwa 7, a hannu bai cika kaiwa haka ba. Gaskiyar magana, a fata mai duhu sosai ba ya kamo launinka daidai, sai dai ya rage hasken da ke jan ido. Kuma ba a dogara da shi wajen kariya daga rana.

Tambaya: 'Yata mai shekara 9 ce ke da shi a goshi. Wasu sun ce kuturta ce, wasu sun ce in sa mata baƙin lalle, wata kuma ta kawo man bilicin wai fatar ta zama ɗaya. (Wata uwa daga Azare)

Amsa: Hajiya, don Allah ki ajiye duka biyun. Yawancin baƙin lalle ana haɗa shi da PPD, sinadarin dayis ɗin gashi, wanda ke sa ƙuraje da ɗurar ruwa, kuma shi kansa yana iya kashe launin fata ya bar sabon fari. Man bilicin kuwa zai dabbare mata fuska ne, masu sitiroyid a ciki kuma su sirantar da fatar.

Bitiligo ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwanciya shimfiɗa ɗaya. Garkuwar jiki ce ke afka wa ƙwayoyin launi. Tabon kuturta yakan rasa ji idan an taɓa shi, na bitiligo kuwa jinsa lafiya lau. Kyasbi kuma yana da ɗan gari-gari in an kankare. Likitan fata zai tantance, kuma ki kai ta da wuri, domin tabon fuska ya fi kowanne karɓar magani, irin su man tacrolimus da gashin hasken UVB na asibiti.

Batun rufewa, ki tambayi yarinyar tukuna. Idan abin bai dame ta ba, hula ko hijabi da man kariya daga rana sun wadatar, kada a koya mata jin kunyar fuskarta. Idan ita ta nema saboda tsokanar 'yan makaranta, ki bi matakan da muka ba amarya a sama, da shafi ɗaya marar kauri. Maganin likita shi ake fara shafawa, a ba shi kamar rabin awa ya shiga kafin a ɗora komai, ranar zuwa gashin haske kuma a je da fuska wankakkiya.