Tambayi Likita: Gyambon Baba ya ƙi rufewa, wai da jininsa za a yi masa magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, dan Allah mahaifina ne mai ciwon suga, wata 7 kenan da gyambo a tafin ƙafarsa ƙasan babban yatsa, kullum wanki da bandeji amma ciwon yana nan jiya-i-yau, har kafso mun fasa mun barbaɗa. Sai wani yace mana ana ɗibar jinin mutum a juya a inji a sa a ciwon ya warke. Gaskiya ne ko dai cin kuɗi ne? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma sannu da ɗawainiya, jinyar gyambo sai mai haƙuri.

Eh akwai shi, ana ce masa PRP, wato ruwan jini mai yawan ƙwayoyin daskarar da jini. Kin san a cikin jini akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu daskarar da jini, su ne ke rugowa su toshe wurin in reza ta yanke ki, to bayan toshewar suna sakin sinadaran da ke kiran sabuwar tsoka da sabbin ƙananan hanyoyin jini. Sai a ɗebi kamar mililita 20 zuwa 60 a hannun Baba, inji ya wulwula shi na 'yan mintuna, jan ya kwanta a ƙasa wani ruwa rawaya-rawaya ya taso sama, daga nan ake tattaro ƙwayoyin a mai da su kamar jeli a shimfiɗa a ciwon, galibi mako-mako. Tunda jininsa ne jiki ba kasafai yake ƙin sa ba.

Yana aiki? A 2016 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta tace binciken da aka yi ta ce a gyambon ƙafar masu suga akwai alamar yana taimakawa amma hujjar bata yi ƙarfi ba, a Amurka kuma tun 2021 Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, ke biyan kuɗinsa har makonni 20 ga masu suga. Kinga ba ƙarya bane, amma taimako ne ake ƙarawa bayan an gyara sauran abubuwa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shine inda ciwon yake. Ƙasan ƙafa ne, kuma suga yana kashe jijiyoyin ji, so da yawa tsoho zai ce ai ba ya masa zafi, ya zura silifas ya tafi masallaci ya dawo, duk taku ɗaya yana murƙushe sabuwar tsokar da ta fara fitowa, wallahi ko kullum aka zuba PRP ba zai rufe a haka ba. Sai an ɗauke nauyi daga wurin da takalmi na musamman ko filasta, an kankare mataccen nama da kantar da ta zagaye bakin ciwon, an sauko da sugan, an duba ko jini na isa ƙafar, an kuma yi hoto ko ƙwayar cuta ta kai ƙashi. In akwai ruɓa ko mugunya ma ba a sa PRP sai an magance su tukuna.

Dan Allah a daina barbaɗa kafso. Ku je babban asibiti ɓangaren masu suga ko na tiyata, in an yi duk wannan na makonni ciwon bai ragu ba sai ku tambaye su batun PRP da kuɗinsa. Amma in kika ga yatsan ya fara baƙi, ko wari, ko ƙafar ta kumbura da zazzaɓi, a ranar za ku kai shi, kar a jira gobe.