Me zan tarar a Barcelona lokacin kaka?

Ɗan'uwa, ka ce za ka je Barcelona tsakanin Satumba da Nuwamba, kana tambayar ko akwai abin kallo bayan zafi ya wuce. Akwai, har ma a ganina kaka ta fi, domin cunkoson masu yawon buɗe ido ya ragu.

Idan da hali, ka daidaita tafiyarka da 24 ga Satumba, ranar bikin La Mercè, babban bikin birnin. Ana kwanaki ana shagali, kuma yawancin wasannin kyauta ne. Ka je dandalin Sant Jaume ka ga hasumiyar mutane: ƙarti a ƙasa sun rungumi juna, wasu na hawa kafaɗun wasu har hawa takwas ko tara, sai ƙaramin yaro da hular kwano ya haye can ƙoli ya ɗaga hannu. Kai da kake kallo ma sai gabanka ya faɗi. UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2010. Da dare kuma akwai correfoc, inda masu shigar aljanu ke bin titi suna watsa tartsatsin wuta. Ka sa riga mai dogon hannu ta auduga da hula, kada ka kuskura ka sa ta leda.

A daren 31 ga Oktoba ana Castanyada, ana gasa 'ya'yan kastanya (wasu 'ya'yan itace masu ɓawo) da dankali mai zaƙi a bakin titi.

Ka tafi da laima, watannin ruwa ne a can. Aljihunka kuma ka kula da shi a cikin taro, 'yan sane ba sa hutun biki.