Siminti Ba Ya Ceton Ginin Ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zauren gidanmu na gado da ke kusa da Hasumiyar Gobarau a Katsina ya tsage bayan ruwan Agusta. Wani magini ya ce a shafe shi da siminti kowa ya huta, maƙwabta kuma na cewa in muka taɓa shi hukuma za ta kama mu, wai unguwar ta tarihi ce. Hankalina a tashe yake, don ta nan mahaifiyarmu ke shiga da fita.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai a tokare rufin, Hajiya kuma ta dakata da bi ta wurin.

Zancen kamu jita-jita ce. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana kare ginin da aka ayyana da sunansa ne, irin Hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Maƙwabtaka da su ba ta sa gidanku cikin jerin. Ka leƙa gidan tarihin da ke tsohuwar kwalejin a tabbatar maka.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne maganar maginin nan. Wallahi na gaji da jin ta. Bangon ƙasa yana shan laima daga gindi da damina, ya fitar da ita ta jikinsa in rana ta buɗe. Da ka lulluɓe shi da siminti, ka toshe masa hanyar nan ke nan. Kuma siminti ba ya kama ƙasa. Zafi da sanyi na taɓa shi sai ya yi 'yar tsaga kamar zare, ruwa ya shiga, ya rasa mafita. Daga waje sumul, an ma shafa fenti, ciki kuwa bango na narkewa. Na taɓa ƙwanƙwasa wani irinsa a cikin gari, ya amsa kamar ƙwarya. Da muka ɓamɓare, sai ga ƙasa jiƙe sharkaf, gara ta cinye bakin azara, saura ƙiris rufin ya rufta kan almajiran da ke kwana a ciki. Wanda ya yi aikin ya karɓi kuɗinsa tuntuni. Ginin da aka yaɓe da ƙasa in zai lalace yakan nuna maka, na siminti kuwa faɗuwarsa kawai za ka ji.

Ka fara da indararo, don sau da yawa daga nan ɓarnar take, sannan ka duba ko ruwa na kwanciya a gindin bango. A nemo tsohon maginin ƙasa ya cike tsagar da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana biyu tana ruɓa, a yaɓe, a bi da makuba, wato shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa, rufi kuma a sa masa laso, wato shafen gargajiya mai hana yoyo. In tsagar ta fi faɗi daga sama, bangon kuma ya karkata, yaɓe ba zai yi ba: a sauke wannan ɓangaren a sake ɗora shi da tubali bayan ɗaukewar ruwa.